Bangon da Ke Karɓar Ajiyar Zafi



Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano cikin watan Afrilu, a Sakkwato ne ko Maiduguri ko Damagaram, ya san wani abu game da zafi wanda ba sai malamin kimiyya ya biya masa ba. Rana takan faɗi, a yi magariba, a yi isha'i, iskar waje ta ɗan sassauta, amma idan mutum ya ɗora tafin hannunsa a jikin bangon yamma sai ya ji shi tamkar gefen tanderun da aka gama gasa gurasa, har ala tilas maigida da iyalinsa su naɗe tabarmi su fito tsakar gida, su gwammace kukan sauro da wannan turiri. Bangon nan tun hantsi yake karɓar zafin rana yana haɗiyewa, yanzu kuwa amayarwa yake yi, sai dai yana amayarwa ne cikin ɗaki, a daidai sa'ar da bawan Allah ya fi bukatar ya runtsa. Mas'alar da nake so mu yi bahasi a kanta yau ita ce: shin ana iya samun bangon da zai karɓi zafin nan ya riƙe shi ba tare da shi kansa ya yi zafi ba, sa'an nan ya sake shi a lokacin da sakinsa ba zai cuci kowa ba? Masana sun ce ana iyawa, sun kuwa yi shekaru fiye da 70 suna gwaji a kai, kuma abin da suka dogara da shi wata ɗabi'a ce da Allah Maɗaukaki ya sanya wa duk abin da ke narkewa ya kuma daskare.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Idan azumi ya faɗo cikin bazara, za ka ga mai ƙanƙara zaune bakin titi bayan la'asar, ya lulluɓe hajarsa da buhu, ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashi yana bin ƙasa. Da za ka soka ma'aunin zafi cikin wannan curin ƙanƙara mai narkewa, da ka ga ya tsaya a kan sifiri. Ka dawo bayan sa'a guda, curin ya ragu da sulusi, ma'aunin yana nan a sifiri bai motsa ba, alhali kuwa zafin gari bai daina shiga cikinsa ba ko na ƙiftawar ido. To, ina zafin yake zuwa? Wannan tambaya ita ta tsaya wa wani malami a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, mai suna Joseph Black, wajen shekarar 1761, ya kuwa kafa hujja da cewa da ƙanƙarar da ke kan duwatsu tana narkewa gaba ɗaya da zarar iska ta ɗan ɗumama, da ambaliyar da za a riƙa yi kowace shekara ba ta bar gari ko ƙauye a tsaye ba. Tun da yake kuwa a hankali take narkewa, kwana da kwanaki, lalle akwai zafi mai yawa da narkewar kanta take ci, wanda ma'auni ba ya nunawa. Sai ya kira shi ɓoyayyen zafi. Mu da muka saba da lafazin malamanmu, sai mu ce zafi iri biyu ne, na zahiri da na baɗini: na zahiri shi ne wanda hannu ke ji, ma'auni ke shaida, na baɗini kuwa shi ne wanda ke shiga abu ya warware ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyinsa, ya mai da sandararre ruwa, ba tare da ya ƙara masa ɗumi ba.

Girman wannan zafi na baɗini shi ne abin mamaki. Zafin da kilo ɗaya na ƙanƙara ke sha kafin ya gama narkewa, watau kilojul 334 a lissafin masana, shi ne daidai wanda zai ɗauki wannan ruwan daga sifiri ya kai shi digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, kusa da tafasa ke nan. Kuma ba ya ɓata. Ranar da ruwan nan zai sake daskarewa sai ya fid da zafin duka, ba ragi ba ƙari, kamar yadda fikihu ya hukunta a babin wadi'a, cewa wanda aka bai wa ajiya ya mayar da ita yadda ya karɓa. Ina roƙon mai sauraro ya riƙe wannan kalma ta ajiya, domin a kanta dukan maganarmu za ta tsaya.

Mutanen Farisa sun daɗe da sanin fa'idar ƙanƙara, gama tun zamanin da suna gina manyan rumbuna na ƙasa masu tsini a yankunan Yazd da Kirman, su tara ƙanƙarar hunturu a ramin da ke ƙarƙashi su ci moriyarta da bazara. A zamaninmu ma akwai dogon benen Bankin Amurka da ke birnin Niyok, wanda ke haɗa ƙanƙara cikin manyan tankuna a ƙarƙashin ƙasa da dare, lokacin da lantarki ya fi araha, da rana kuma ya sanyaya ofisoshi da ita. Amma ƙanƙara ba ta zama cikin bango, domin sai da inji take daskarewa. Abin da magina ke nema shi ne wanda zai narke ya daskare da kansa a tsakanin digiri 20 da 'yan kai zuwa 30 da 'yan kai, inda jikin ɗan Adam yake samun natsuwa.

Irin wannan abu kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ina tuna wata 'yar kwalba ta man kaɗe da ke zaune a kan taga a ɗakin kakata, wadda mu yara muke duba yanayin gari da ita ba mu sani ba: da asuba cikin hunturu man yana ƙwanƙwararre, sai ta ƙwaƙulo da ɗan yatsa ta murza a tafin hannu kafin ya yarda ya shafu a kaushin ƙafa, da azahar ta bazara kuwa ya saki jiki ya zama ruwa, ana karkata kwalbar yana bi. Kowace narkewa da ya yi, wani ɗan zafi ya sha daga iskar ɗakin. Kowace daskarewa, mayarwa ya yi. Da a ce maimakon kwalba guda bangon ɗakin ne duka ke ɗauke da irin wannan mai, da ɗakin ya jinkirta yin zafi da rana, ya kuma jinkirta yin sanyi da dare. Asalin hikimar ke nan, sauran duk tafsili ne.

Wadda ta fara jarraba wannan hikima a gida sukutum na zaman mutane mace ce, sunanta Maria Telkes, haifaffiyar birnin Budafes na ƙasar Hangare a 1900, wadda ta yi ƙaura zuwa Amurka ta shiga binciken makamashin rana a babbar makarantar fasaha ta Masacuset. A shekarar 1948 ta haɗa kai da wasu mata biyu, Eleanor Raymond mai zanen gine-gine da Amelia Peabody wadda ta ba da fili da kuɗi, suka gina gida a garin Doba kusa da Bostan, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa da hunturu, da niyyar ɗumama shi da rana kaɗai, babu murhu babu mai. Fuskar gidan ta kudu, a hawa na sama, gilasai ne jere da baƙin ƙarfe a bayansu. Rana ta gasa ƙarfen, iskar da ke tsakani ta yi zafi, fankoki su tura ta ƙasa zuwa wasu ma'ajiyai da aka yi tsakanin ɗakuna, waɗanda aka cika da gwangwanaye na wani gishiri har kimanin tan 21. Ba gishirin miya ba ne. Gishirin Glauber ake ce masa, da sunan wani Bajamushe masanin haɗa magunguna da ya bayyana shi a ƙarni na 17, kuma ɗabi'arsa ita ce yana riƙe da ruwa a cikin ƙwayoyinsa, idan zafi ya kai digiri 32 sai ya narke cikin ruwan nasa, ya sha zafi mai yawa, idan gari ya yi sanyi kuma ya koma ƙwaya ya saki abin da ya sha. Iyali suka tare a ƙarshen wannan shekara, suka yi hunturu biyu gishiri yana ɗumama su, jaridu suka yi ta yayata labarin.

A hunturu na uku abin ya tsaya. Dalilin tsayawarsa ya cancanci a saurara da kyau, gama shi ne darasin da duk masu wannan fanni suke karantawa har yau. Ashe gishirin nan idan ya narke ba ya narkewa bai ɗaya: wani sashe nasa mai nauyi yakan rabu da ruwan ya kwanta a gindin gwangwani, kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙasan ƙwarya ruwa ya taso sama, in kuwa sanyi ya zo, na ƙasan nan ba ya samun ruwan da zai sake haɗuwa da shi, yau kaɗan gobe kaɗan, bayan ɗaruruwan narkewa da daskarewa, sai mafi yawan gishirin ya zama mataccen kaya. Bugu da ƙari ya ci ƙarfen gwangwanayen suka fara yoyo. Akwai kuma wata illa ta uku da ke tare da irin waɗannan gishiri, ita ce taurin kai wajen daskarewa, ta yadda sanyi zai sauka ƙasa da haddin da ya kamata ya daskare amma ya ƙi, ya zauna ruwa yana riƙe da ajiyar mutane. Telkes ba ta karaya ba. Ita ce ma ta nuna cewa ɗan garin boraks yana zame masa iri da ƙwayoyin za su fara taruwa a kai, ta kuma ci gaba da aikin makamashin rana har tsufanta, ta rasu a 1995 a birnin da aka haife ta. Ni a ganina gidan Doba ya biya kuɗinsa, domin ya tabbatar da cewa asalin ra'ayin sahihi ne, ya kuma tona wuraren da aikin yake.

Waɗanda suka biyo baya da yawansu sai suka karkata ga kakin farafin, ɗan uwan wanda ake yin kyandir da shi, saboda shi ba ya rabuwa gida biyu, ba ya cin ƙarfe, kuma ana iya zaɓen irin da zai narke a digirin da ake so. Kilo ɗaya nasa yakan sha wajen kilojul 200, watau idan zafin ɗaki yana kai da komowa tsakanin digiri huɗu, kilo guda na kakin zai yi aikin fiye da kilo 50 na ginin siminti da tsakuwa. Sai dai shi ma da nasa aibin: daga man fetur ake samunsa, yana kama wuta, zafi ba ya ratsa shi da sauri, yana kumbura idan ya narke, kuma narkakken abu dole ya nemi hanyar tsiyaya. Maganin da kamfanin BASF na Jamus ya fito da shi, tare da cibiyar binciken makamashin rana ta Fraunhofer da ke Firaibug, shi ne a tsattsaga kakin ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai, waɗanda kaurinsu bai kai na silin gashi ba, a tufatar da kowane ɗigo da ɓawon roba, sa'an nan a kwaɓa wannan gari cikin filasta ko allon silin. Magini ya yanka, ya huda, ya buga ƙusa, ba abin da zai zubo. Sun sa masa suna Micronal, suka yi iri mai narkewa a digiri 21 da 23 da 26, kuma kamfanin ya yi da'awar cewa allo mai kaurin santimita ɗaya da rabi yana ajiye zafi daidai da bangon siminti mai kaurin santimita 9. A birnin Melbon na Ostareliya kuwa, a ginin ofisoshin majalisar gari da ake kira CH2, wanda aka buɗe a 2006, wata hanya suka bi: tankuna a ƙarƙashin ƙasa cike da dubban ƙwallayen ƙarfe masu ɗauke da haɗin gishiri mai daskarewa a digiri 15, a daskarar da su da sanyin dare, da rana a bi da ruwa ta tsakaninsu a kai shi silin ofisoshi.

Yanzu fa mun iso inda nake so a buɗe kunne, musamman masu gini da 'yan kwangila da masu sayo kaya daga waje. Abin nan ma'aji ne, kuma ma'aji in ya cika ba ya ƙara karɓa sai an kwashe. Da zarar kakin ya gama narkewa, aikinsa ya ƙare, ya zama kamar kowane allo, kuma ba zai sake amfani gobe ba sai idan daren yau ya yi sanyin da zai daskarar da shi. Sharaɗin sihhar aikin duka yana wuyan dare. A Jamus, inda ko a tsakiyar bazararsu dare yakan sauko ƙasa da digiri 20, a buɗe tagogi kawai ya wadatar, kakin digiri 23 ya wayi gari a daskare yana jiran sabuwar ajiya. A Kano cikin Janairu ma haka ne, gama rana takan kai wajen 30 dare ya sauko kusa da 13, to amma a wannan lokaci wa ke kukan zafi? Lokacin da muke kuka, watau Afrilu da Mayu, rana a Sakkwato tana haura 40, dare kuwa galibi ba ya sauka ƙasa da 26 ko 27 a waje, balle cikin ɗaki. Ka ɗauko allon da aka auna wa daren Jamus ka liƙa a wannan ɗaki, zai narke ranar farko ta bazara ya zauna a narke har ruwan sama ya sauka, maigida ya biya kuɗi mai tsoka bai sayi komai ba. Wannan ba ha'incin masu ƙera shi ba ne. Rigar wani ce aka ɗinka daidai jikinsa.

Abin da ya fi ba ni tunani shi ne, gishirin nan na Telkes, wanda ta zaɓa don ɗumama gida a ƙasar dusar ƙanƙara, haddinsa na digiri 32 ya fi kusa da bukatarmu a kan kakin da aka yi musamman don sanyaya ɗaki a Turai. Akwai ɗan uwansa na kalsiyam mai narkewa wajen digiri 29 zuwa 30, akwai kuma wasu sinadaran mai da ake tacewa daga man kwakwa da alayyadi, waɗanda ɗaya daga cikinsu yake narkewa kusa da 31. Daren digiri 26 yana iya daskarar da irin waɗannan, ko da yake a hankali, in dai an ba iskar dare hanya ta ratsa su. Wurin da ya fi dacewa da su kuma a ganina shi ne tsakanin kwano da silin, domin ta sama mafi yawan zafin gidajenmu yake shigowa, kwano da azahar yakan haura digiri 50 har ba ya taɓuwa, kuma shi ɗin dai shi ke riga komai hucewa da zarar rana ta faɗi sama ta yi garau. Shi kuwa man kaɗen kakata, duk da shi ya buɗe mini ido, ba na jin a ɗanyensa zai yi wannan aiki, saboda ba shi da haddi guda, a hankali yake laushi cikin digirori masu yawa, kuma abinci ne da hajar matan karkara, bai kamata a binne shi cikin rufi ba.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun riga sun warware wannan mas'ala da tubali da azara, wanda ya shiga soron Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya san haka. Gaskiya ne, kuma ba ni da ja. Katangar ƙasa mai kauri ita ma ma'aji ce, sai dai da zafi na zahiri take aiki, da nauyinta take rinjayar rana, zafin ya yi sa'o'i masu yawa yana ratsawa kafin ya iso ciki. Wanda yake da fili da halin yaɓe kowace shekara, ban ga abin da zai kai shi neman kaki daga Turai ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: birane sun cushe, fuloti ya ƙanƙance, ana hawa bene, azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani da gidajen haya duk bulo inci shida ne da kwano, kuma ba za a rushe su a koma soro ba. Waɗannan gine-gine marasa nauyi su ne muhallin wannan fasaha, gama maƙasudinta shi ne a ara wa siririn bango halin mai kauri. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki suna cin kusan ushirin lantarkin duniya, kuma na'urorin za su tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 kafin 2050. Mu da wutar ma ba ta zama, abin da zai yi aikinsa shiru ba waya ba inji ya cancanci a dube shi da idon basira. Amma a bi tartibi: a fara da inuwa, da fentin rufi fari, da silin, da tagogi masu fuskantar juna, domin ma'aji komai girmansa ba zai iya da zafin da aka buɗe wa ƙofa ba.

Muna da waɗanda za su iya wannan bincike. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, akwai sassan gine-gine da na kimiyyar sinadarai a Zariya da Kano, akwai jami'ar Yamai wadda ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni, malamin da ya ba da rayuwarsa ga nazarin makamashin rana. Gwajin da nake fata a gani ba mai tsada ba ne. A gina ɗakuna biyu iri ɗaya kafaɗa da kafaɗa, bulo ɗaya kwano ɗaya, a shimfiɗa jakunkunan gishirin a saman silin ɗaya a bar ɗayan haka nan, a rataye ma'auni a kowanne, a riƙa rubutawa sa'a bayan sa'a daga farkon Maris har saukar damina, a kuma maimaita shekara uku cur, tun da a ta ukun ne gidan Doba ya fallasa aibinsa. Kowace asuba kuwa, bayan an idar da salla kafin rana ta ɓullo, ɗalibi ya kafa tsani ya hau, ya sa hannu ya latsa jakar nan ya ji ko ta daskare, ya rubuta a littafi.